Aikin masu bincike da kare teku: me suke yi, ina ake koyonsa?

Yau bayaninmu kan wata sana'a ce da ba a cika jin labarinta a ƙasar Nijar ba, wato aikin masu binciken teku da masu wayar da kan jama'a kan kare shi. Wani zai ce ina ruwan ɗan Maraɗi ko ɗan Tawa da teku? To, kifin nan mai ƙanƙara da ke zuwa kasuwanninmu cikin kwali daga teku ya fito, ya biyo ta tashoshin jiragen ruwa irin ta Lome. In ya yi ƙaranci a can, mu ma sai mun ji a aljihu.

Aikin dai galibinsa ƙidaya ne. A Senegal akwai cibiyar CRODT a Dakar, a Moritaniya kuma akwai IMROP a garin Nuwadibu. Ma'aikatansu na zuwa bakin ruwa inda kwale-kwale ke sauke kifi, a wurare irin su Kayar, Mbur da Jowal. Da awo da sikeli da littafi a hannu, suna rubuta irin kifin, nauyinsa da tsawonsa, irin komar da aka kama shi da ita, da awa nawa aka yi bisa ruwa. Shekara da shekaru ana tara wannan lissafi. In aka ga masunta na ƙara nisa da daɗewa amma kamun na raguwa, kifin kuma na ƙara ƙanƙanta, an san ana kwasarsa tun bai hayayyafa ba.

Akwai wani abin mamaki a nan. Cikin kan kifi akwai wani ɗan dutse na kunne, wanda ke yin zobe-zobe yayin da kifin ke girma, kamar na jikin itace in an sare shi. Sai a ciro shi, a sa ƙarƙashin madubin likita, a ƙirga, a san shekarun kifin. Wasu kuma cikin jirgin bincike suke aiki, irin jirgin Dr Fridtjof Nansen na ƙasar Nowe da ke aiki tare da hukumar FAO. Jirgin na aika sauti cikin ruwa, amon da ya dawo shi ke nuna yawan garken kifin da ke ƙasa.

Me ya sa gaɓar Moritaniya da Senegal ke da albarkar kifi haka? Iska ce ke ture ruwan sama daga gaɓa, sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ɗauke da taki, ƙananan halittu su yawaita, kifi ya samu abinci. Babban kifin talaka a can shi ne wanda Wolofawa ke kira yaboy. Yanzu masana'antun niƙa kifi na saye shi su mai da shi gari da mai, a fitar waje don kiwon kifi da dabbobi. Rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar tare da wata ƙungiya a 2021 ya ce sama da tan rabin miliyan ake kwashewa haka a kowace shekara daga Afirka ta Yamma. A ganinmu wannan cire wa talaka loma ne daga baki. Mai bincike yana iya faɗar gaskiyar lissafi, amma ba shi ke sa hannu kan lasisin kamun kifi ba, kuma nan ne ɓacin ran sana'ar yake.

Shi ya sa ɓangare na biyu, wato wayar da kai, ya fi wuya. Dokar da masunci bai yarda da ita ba takarda ce kawai. Misalin da aka fi bayarwa shi ne Bambung, wani reshen ruwa a yankin Salum na Senegal. Ƙungiyar Oceanium ta Haidar El Ali ta riƙa zagaya ƙauyuka da dare tana nuna majigi na abin da ke ƙarƙashin ruwa, a gama kallo a zauna muhawara. Ƙauyuka 14 suka amince a rufe wurin, ƴaƴansu ne ma ke gadi, kuma a 2004 gwamnati ta tabbatar da shi cikin wurare biyar na teku da aka killace. Masu bincike da suka ci gaba da awo sun tarar manyan kifaye sun ƙaru a ciki. Ko mu ai mun san wannan hikima, don sarkin ruwa kan hana su a tafki har lokacin ya yi.

A Moritaniya kuma akwai gandun Banc d'Arguin da aka kafa a 1976, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1989. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 12,000. Ƴan ƙabilar Imragen ne kaɗai ke su a ciki, da jiragen da iska ke turawa, ban da inji.

Ga matashin da abin ya ba sha'awa, hanyar na farawa da bak ta kimiyya, sai karatun ilimin halittu, wanda ana iya soma shi a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Ƙwarewa kan teku kuwa sai an fita: akwai makarantar kamun kifi da kiwonsa ta IUPA a jami'ar Sheik Anta Jop ta Dakar, akwai cibiyar IRHOB a Kwatano, da NIOMR a Legas. A riƙe lissafi da kwamfuta da kyau, a koyi iyo, a kuma koyi harshen masuntan da za a zauna da su. Kada a ɗauka aikin kuɗi ne. Da yawa kwangila ce ta ɗan lokaci, in kuɗin masu tallafi ya ƙare sai a jira wani. Wanda ya dawo gida kuma iliminsa bai faɗi ƙasa ba, don awon da ake yi wa yaboy a Jowal shi ne za a yi wa karfasa da tarwaɗa a tafkin Madarunfa, Tabalak ko Gidimuni.