Wane Baki Ne Zai Fara Tashi?

'Yar uwa, kin san bindiga mai baki biyu da mafarauta ke ji da ita? To, ita ma da tarihinta.

A Ingila ta yi suna, tun zamanin maƙerin nan na Landan, Joseph Manton, wanda ya rasu a 1835. Bakunanta a jere suke gefe da gefe, kowanne da kunamarsa: ta gaba ta tashi na dama, ta baya ta tashi na hagu. Sai dai fa kowace bindiga tana da shuri. Da an harba sai ta daki kafaɗa, baki ya yi sama, ita wannan har da ɗan karkata gefe. Kafin maharbi ya dawo da saiti, tsuntsu na biyu ya yi nasa wuri.

A 1909 kamfanin Boss na Landan ya fito da mai baki ɗaya a kan ɗaya. John Browning, mutumin Amurka, shi ma ya zana tasa, amma ya rasu a Beljiyam a 1926. Ɗansa Val ne ya ƙarasa, ta shiga kasuwa a 1931.

A irin wannan samfurin, dabarar ita ce a fara da bakin ƙasa. Shi ne ya fi yin daidai da kafaɗa, don haka shurinsa baya yake yi kai tsaye, bindigar ba ta zabura sama sosai. Ido na kan saiti, harbi na biyu ya biyo nan take. In kuwa aka fara da na sama, tsallen ya fi yawa.

Shi ya sa har yau yawancin masu gasar harbi da na ƙasa suke buɗewa. Kin ga ashe harbi na biyu tun a na farko ake gyara shi.