Tarihin Stereophonics: Daga ƙauyen maƙara kwal zuwa manyan filaye

Stereophonics ƙungiyar mawaƙa ce ta yankin Wales da ke Birtaniya, wadda ta shafe shekaru huɗu tana kiɗa a ƙananan wurare ba tare da wani kamfanin faifai ya kula ta ba, kafin daga bisani ta zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi kasuwa a ƙasar.

An kafa ƙungiyar ce a shekarar 1992 a ƙauyen Cwmaman, kusa da garin Aberdare a kudancin Wales.

Mutane uku ne suka kafa ta: Kelly Jones mai rera waƙa da kaɗa jita, da Richard Jones mai kaɗa jitar bas, da kuma Stuart Cable mai buga ganguna.

Duk da cewa sunan Jones ya haɗa biyu daga cikinsu, ba 'yan uwan juna ba ne. Abin da ya haɗa su ukun shi ne ƙauye ɗaya da suka taso a cikinsa.

Asali

Cwmaman dai ƙauye ne na masu haƙar kwal, amma tun a shekarun 1960 aka daina haƙar kwal a cikinsa.

Bayan yajin aikin da maƙara kwal suka yi daga 1984 zuwa 1985, zamanin gwamnatin Margaret Thatcher, an ci gaba da rufe sauran ramukan kwal na kudancin Wales ɗaya bayan ɗaya, lamarin da ya jefa matasa da dama cikin rashin aikin yi.

A cikin wannan hali ne Kelly Jones da Stuart Cable, waɗanda gidajensu ke layi ɗaya, suka fara gwada kiɗa tun suna samari, a wata ƙungiya mai suna Zephyr.

Shi Kelly Jones a gida ya tarar da waƙa, domin mahaifinsa ya yi waƙa a kulob-kulob na yankin.

Shekarun fafutika

Da farko sunan ƙungiyar Tragic Love Company, sunan da suka harhaɗo daga sunayen wasu ƙungiyoyi uku da suke sha'awa.

Galibin wasanninsu a gidajen shaƙatawa na ma'aikata da mashaya suke yi. A irin waɗannan wurare jama'a sun fi son jin tsofaffin waƙoƙin da suka sani, don haka sai matasan su rera na wasu, suna cusa nasu a tsakani.

Abin da suke samu bai isa ya riƙe su ba, don haka kowannensu na da aikin da yake yi da rana. Kelly Jones, alal misali, ya yi aiki a rumfar sayar da kayan marmari da ganyayyaki a kasuwar Aberdare.

A wancan zamani ba a fara yaɗa waƙa ta intanet ba. Ƙungiyar da ba ta da kamfani sai dai ta naɗi waƙoƙinta a kaset da kuɗinta, ta aika wa kamfanoni, ta zauna jiran amsa.

Kamfanin ne ke biyan kuɗin ɗakin naɗar murya, da buga faifai, da kai shi shaguna, da kuma tallata shi a gidajen rediyo. Kasancewar manyan kamfanonin na London, mawaƙan ƙauyukan Wales kan sha wahala kafin a ji ɗuriyarsu.

Matasan sun yi ta aikawa da kaset-kaset ana mayar musu da amsar ba a buƙata, kuma sun sha yin tattaki zuwa London domin yin wasa a gaban mutane ƙalilan.

Sauyi

Al'amura sun sauya a shekarar 1996, lokacin da suka koma amfani da sunan Stereophonics, wanda suka samo a jikin wani tsohon akwatin garmaho na gidan su Stuart Cable.

A wannan shekara ne suka yi wasa a zauren Coliseum na Aberdare, inda John Brand ya gan su, ya kuma zama manajansu.

Ba a jima ba kamfanonin da suka yi watsi da su a baya suka shiga rububinsu. Daga ƙarshe sun sanya hannu da V2, sabon kamfanin attajirin nan Richard Branson, kuma su ne mawaƙan farko da kamfanin ya ɗauka.

Faifansu na farko, Word Gets Around, ya fito a 1997, ya kuma kai matsayi na 6 a jerin faya-fayen da suka fi kasuwa a Birtaniya.

Waƙoƙin da ke cikinsa labaran ƙauyensu ne: tsegumi, da zaman kasuwa, da shaye-shaye, da mutuwar wani matashi a kan layin dogo. Wato dai shekarun da suka yi ba kowa ya san su ne suka ba su abin faɗa.

Ɗaukaka

A 1998 sun lashe lambar yabo ta Brit a rukunin sababbin mawaƙa, sannan faifansu na biyu, Performance and Cocktails, ya hau matsayi na ɗaya a 1999.

A watan Yulin 1999 mutane kimanin 50,000 ne suka halarci wasansu a filin Morfa da ke birnin Swansea.

Tasowarsu ta zo daidai da lokacin da wasu ƙungiyoyin Wales, irin su Manic Street Preachers da Catatonia da Super Furry Animals, ke tashe, da kuma ƙuri'ar raba gardama ta 1997 da ta bai wa yankin majalisar dokokinsa.

A 2005 waƙarsu mai suna Dakota ta zama ta ɗaya a Birtaniya.

Rabuwa da rashi

Sai dai ɗaukakar ba ta zo haka kawai ba. A 2003 an sallami Stuart Cable daga ƙungiyar, bayan saɓani a kan rashin halartar wasu wasanni.

Daga nan ya mai da hankali ga gabatar da shirye-shirye a rediyo da talabijin, har zuwa watan Yunin 2010 da ya rasu a gidansa kusa da Aberdare, yana da shekaru 40.

Dubban mutane ne suka fito kan tituna ranar jana'izarsa.

Kelly Jones da Richard Jones sun ci gaba da tafiya tare da sababbin abokan kiɗa. A 2013 sun fitar da faifan Graffiti on the Train a ƙarƙashin kamfaninsu na kansu, Stylus Records.

A 2025 kuma ƙungiyar ta samu faifanta na 9 da ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, shekaru 33 bayan kafa ta a Cwmaman.