Ƙwayar da Ba ta Cuta Ba

Duk lokacin da Bahaushe ya ce "ƙwayoyin cuta", ya riga ya yi wa ƙananan halittun nan kuɗin goro, alhali kuwa akwai na kirki a cikinsu.

A cikin shekarar 1899 ne likita Henry Tissier na Cibiyar Pasteur ta birnin Paris ya binciki kashin jarirai masu shan nonon uwa, ya tarar da wata ƙwaya mai siffar gwafa, wadda daga baya aka raɗa wa suna Bifidobacterium. Da ya lura ta yi ƙaranci a hanjin yara masu gudawa, sai a 1906 ya ba da shawarar a riƙa ba su ita.

A shekarun 1950 Paul György ya gano cewa nonon uwa na ɗauke da abincinta. Wani irin sukari ne da jariri ba ya iya narkarwa. Ita ke cinye shi, ta fid da tsamin da ke hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Ashe baki biyu uwa ke ciyarwa.

Yau ana sayar da ƙwayar ga yara da manya. Amma wanda ya raba jariri da nono ba bisa larura ba, ya hana mai gadin hanjinsa abinci.