Baƙar baka-biyu 【 】

Baƙar baka-biyu (suna, mace). Alamar rubutu ce ta Sin da Japan mai kama da baka-biyu, sai dai gefenta na waje a miƙe yake, cikinta cike da tawada. Japanawa na kiranta *sumitsuki kakko*. A ƙamusunsu a cikinta ake saka harafin kalmar da za a fassara. A Sin kuwa, kamfani kan sa sunansa a cikinta a saƙon salula, don a san mai aikowa.

Lambobinta a Unicode su ne U+3010 da U+3011.

Ɗan Kurfai da ya yi lakwal a Filinge ya saba da alamar « » ta Faransanci. Wannan baƙuwar kuwa, a kwalin kayan Sin ko a tallan intanet yake cin karo da ita. Mai gyaran waya a kasuwa kan kwafe ta ya sa a WhatsApp: 【Caja sabuwa】. Tana jan ido ƙwarai, kuma ta dace da kanun talla. Tsakiyar jimlar Hausa ce ba ta karɓe ta ba, don faɗinta na cikakken harafin Sinanci ne, sai ta bar giɓi hagu da dama.