Tarihin Yaƙi da Ƙarin Ƙwaƙwalwa: Me Ya Sa Yake Dawowa Bayan Magani?

A bara ƙungiyarmu ta yi karo-karo domin jinyar wani ɗan uwanmu na nan Minna, wanda aka yi wa tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa a wani asibiti da ke wajen jihar nan. Ya samu sauƙi har ya koma kasuwa, amma kafin shekara ta zagayo ciwon ya dawo. A wajen dubiya mun ji wasu na cewa jifa ne, wasu kuma na cewa likitocin ne ba su iya aiki ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan ciwo.

A shekarar 1884 wani likita a Landan mai suna Rickman Godlee ya buɗe kan wani matashi ya ciro ƙari. Aikin ya yi, sai dai ƙwayoyin cuta sun shiga raunin, matashin ya rasu bayan kusan wata guda. A 1926 likitoci biyu a Amurka, Harvey Cushing da Percival Bailey, suka duba ɗaruruwan ƙari a madubin likita, suka rarraba su iri-iri. Daga nan aka gane cewa ƙarin ƙwaƙwalwa ba ciwo ɗaya ba ne, kowane iri da halinsa.

A Najeriya, Farfesa Latunde Odeku ne ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962. A lokacin ana ɗauka cewa ciwon bai cika kama 'yan Afirka ba, amma marasa lafiyar da ya gani sun nuna cewa rashin masu ganowa ne. A Arewa kuma, Farfesa Bello Bala Shehu na cikin waɗanda suka gina wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

To, me ya sa ƙarin ke dawowa? Binciken ɗakunan gwaji ya gano dalilai uku, musamman game da mafi muni cikinsu, wanda ake kira giliyobilastoma.

Na farko, ba dunƙule ɗaya ba ne da za a ɗauke gaba ɗaya. Yana watsa ƙwayoyinsa cikin lafiyayyen naman ƙwaƙwalwa, kamar ciyawar ƙiri-ƙiri a gona: ka nome ta sama, jijiyarta na ƙasa. Likita kuwa ba zai yanke wurin da ke riƙe da magana ko tafiya ba.

Na biyu, ƙwaƙwalwa na da shinge tsakaninta da jini. Tun 1885 masanin Jamus Paul Ehrlich ya zuba rini a jinin dabbobi, ya ga gaɓoɓinsu sun rinu ban da ƙwaƙwalwa. Shingen da ke kare ta daga guba shi ne kuma ke tare magunguna da yawa.

Na uku, ƙarin na gyara kansa. An ƙirƙiro maganin temozolomide a Jami'ar Aston da ke Ingila, kuma yana tsallake shingen. A 2005 wani gwaji da aka yi da marasa lafiya 573 ya nuna cewa haɗa shi da gashin na'ura ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 12.1 zuwa wata 14.6. A shekarar ce aka nuna cewa ƙarin wasu mutane na samar da wani sinadari mai suna MGMT, wanda ke ɗinke ɓarnar da maganin ya yi masa. A 2006 kuma masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano wasu ƙwayoyi ƙalilan masu jure gashi, waɗanda ke sake tsiro da ƙarin.

Ashe dawowar ciwon hali ne na ƙarin, kuma ko a Turai haka yake yi. Zargin maƙwabci ko likita ba ya ƙara wa mara lafiya komai sai raba zumunci.

Amma kada mu yanke ƙauna. Ƙari da yawa ba daji ba ne. Wanda ke fitowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa sau da yawa tiyata na warkar da shi idan an zo da wuri. Don haka idan babba ya fara farfaɗiya bagatatan, ko ciwon kai mai tsanani da amai da safe, ko gani na raguwa, ko sashen jiki na mutuwa a hankali, mu garzaya asibiti a yi hoton ƙwaƙwalwa. Bayan tiyata kuma mu nemi a gwada abin da aka ciro, mu san sunansa, kafin iyali su sayar da gona ko gida.

Allah Ya ba ɗan uwanmu da sauran marasa lafiya lafiya, amin.