Tiyon Hita da Tarihin Garejin Fagge



Fagge zangon fataken Sahara ce tun fil azal. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a jima ba aka kafa Sabon Gari domin baƙin ma'aikata da 'yan kasuwa. Da mota ta maye gurbin raƙumi, sai kanikanci ya samu gindin zama a unguwannin nan biyu.

A 1975 Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, 504 ta cika gari. Da darajar naira ta faɗi a 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, aka koma kan tsofaffin motocin Turai ta Kwatano. Waɗannan don ƙasashen sanyi aka ƙera su: ruwan injin mai zafi yana bi ta tiyo da bawul zuwa hita, ya ɗumama cikin mota. In tiyon ya tsufa ya tsage, ruwa ya tsiyaye, injin ya ɗau zafi har ya buga. Bakaniken Kano ba ya jiran sabon bawul, sai ya haɗe bakin tiyon biyu ya kewaye hitar. Mota ta tashi, direba kuma ya sha sanyin hunturu.

Irin wannan dabara ba a rubuce take ba, tana kawunan ogannin gareji, kuma suna tsufa. Mai neman abin rubutawa ya ɗauki biro ya je ya zauna da su.