Cibiyar Ceton Rayuka a Teku ta Legas: Tarihinta da Ayyukanta

Cibiyar daidaita ayyukan ceto a teku tana unguwar Kirikiri ta Legas, ƙarƙashin hukumar NIMASA mai kula da sufurin jiragen ruwa a Najeriya.

Tushenta shi ne yarjejeniyar Hamburg ta 1979, wadda ta ɗora wa ƙasashen gaɓar teku alhakin neman waɗanda haɗari ya rutsa da su a ruwa. A shekarar 2000, taron da hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta kira a birnin Florence na Italiya ya ba da shawarar kafa manyan cibiyoyi 5 a gaɓar Afirka. An buɗe ta Legas a watan Mayun 2008, bayan ta Mombasa da ta Cape Town.

Hurumin cibiyar ya shafi ƙasashe 9, ciki har da Togo, Benin, Kamaru da Gabon.

Babban aikinta shi ne sauraro dare da rana. Da zarar kiran neman agaji ya shigo ta tasha ta 16 a rediyon jiragen ruwa, ko ta tauraron ɗan'adam, jami'ai kan tantance wurin da jirgin yake, su sanar da sojojin ruwa, su kuma nemi jirgi mafi kusa ya kai ɗauki. Dokar teku ta wajabta wa kowane kyaftin amsa irin wannan kira, domin jinkiri kaɗan na iya jawo asarar rayukan masunta, matuƙa da fasinjoji.